Bangon da Ke Shan Wuta

Da na ce masa e a ranar da ya tambaye ni, wanne za a bar mini, mijin ko ɗan? Da wannan tambaya na yi takaba, da ita na yi goyo, da ita na tsufa, kuma har yau ban sami mai amsa mini ba, domin ban taɓa gaya wa kowa asalinta ba. Malama, ke dai rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana don ta yi daɗin ji. Idan kika ga ina kuka kada ki ajiye alƙalami, na saba magana a cikinsa. Ɗana Abarshi nake so ya karanta. Ya ce bayan salla zai rushe ɗakin nan nawa na ƙasa ya gina mini na bulo, ya ɗora mini faifan hasken rana a sama. Ban hana shi ba. Amma kafin diga ta taɓa bangon gabas ina so ya san abin da ya faru a jikin bangon, ni kuwa bakina ba zai iya faɗa masa ido da ido ba.

Ni ba 'yar gari ba ce. A wani ƙauye bayan Gagarawa aka haife ni, inda idan rana ta faɗi sai aci-balbal, sai kuwa farin wata idan lokacinsa ne. Abin da na tashi na sani shi ne sussuka da surfe da jiran jaki ya jawo guga daga rijiyar da ba a ganin ƙasanta. Kakata takan ce ita ba ta yarda da wutar da ba ta hayaƙi ba, domin duk abin da ke ci ba a ga bakinsa ba to ba na mutane ba ne. Muna yi mata dariya. Da aka kawo ni Gumel amarya, abin da ya fara shiga kunnena ba kiɗa ba ne, wani ƙugi ne mara yankewa daga babban akwatin ƙarfen da ke kan turaku a bakin unguwa, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Idan ya yi shiru gari duka sai ya yi wani irin nauyi. Idan kuma aka dawo da wuta, yaran unguwa su ɗauki ihu gaba ɗaya, an kawo, an kawo, wannan lungu ya miƙa wa wancan har ƙarshen gari. Yanzu kowa da faifansa a kan rufi yana shan rana shiru, wuta ta zo ko ta tafi ba mai ɗaga kai. Na fi son haka. Ba na son in sake jin wannan ihun.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba zan kama sunansa ba, sunan ne ma Abarshi ya ci. Mutanen gari Injiniya suke ce masa, ko da yake ba shi da takardar komai. A Maigatari ya koyi aiki wurin wani mutumin Damagaram mai gyaran rediyo da injin niƙa, da wuta ta shigo unguwarmu kuwa shi ya ja ta zuwa rabin gidajen. Yana da wata mita a jakar fata, mai baki kamar na ƙaguwa da wayoyi biyu, ja da baƙa, da wata siririyar allura a bayan gilashi. Ya fi lallaɓa ta a kan komai nasa. Mitar Abarshi ta yanzu lambobi take fitarwa, ba ta rawa, ba ta shakka. Waccan kuwa allurarta takan tashi a hankali tana kyarma kamar mai tsoron abin da za ta faɗa.

Mutum ne da ba ya iya riƙe abin da ya sani, sai ya koya wa wani, da ya rasa wani sai ya kama ni. Wani hantsi ina kasa daddawa a tsakar gida ya jawo kujera ya ce in tuna ranar kasuwar Maigatari, yadda ake koro shanu zuwa ƙofar kara, shingen da ake sayar da dabbobi. Makiyayan da ke baya da sanduna, in ji shi, su ne turi. Yawan shanun da ke wucewa shi ne gudu. Ƙuncin ƙofar kuma shi ne turjiya. Haka wuta take a cikin waya. Idan ka san turi ka san gudu, sai ka raba turin da gudun, abin da ya fito shi ne turjiya. Idan kuwa ka ninka turin sau gudun, sai ka sami ci, wato yawan wutar da abu yake lashewa ya mai da ita zafi ko haske. Ya faɗa mini sunayensu na Turawa, bolt da amfiya da om da wat, na riƙe su kamar sunayen 'ya'yan baƙo. Sai ya jona dutsen guga, ya maƙala bakin mitar a wayar, ya ce turin garin nan ɗari biyu ne a yawancin ranaku, gudun dutsen kuwa biyar, to mene ne turjiyarsa. Ni da nake kasa daddawa tun ina yarinya, na raba ɗari biyu gida biyar a kaina na ce arba'in. Ya ce cin fa. Na ce ɗari biyu sau biyar, dubu. Ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi.

“Dije, da an sa ki boko da kin ƙwace mini sana'a.”

Na ce ya riƙe sana'arsa, ni ban ga abin sha'awa a aikin da mutum zai yini yana kallon allura ba ta ɗinka masa ko hula ba. Ya ce to ai shi ya sa ya auro mai ɗinka masa.

Ran nan ne kuma ya sa mini wayoyin mitar a hannu, ja a dama, baƙa a hagu. Allurar ta ɗan motsa kaɗan. Ya ce in tsoma hannuwana a ruwan wanke-wanke in sake riƙewa. Sai allurar ta yi tsalle ta tafi can gefe. Na yar da wayoyin ina salati, na ce wannan abu ya ga cikina. Ya ce ba ta ga komai ba, turjiyata ta auna. Busasshen mutum ƙofa ce mai ƙunci, jiƙaƙƙe kuwa ƙofarsa a wangale take. Jiƙaƙƙen jiki turjiyarsa ba ta wuce dubu ba, idan aka raba ɗari biyu da dubu gudun da zai fito ɗan kaɗan ne a ido, amma ko kashi ɗaya cikin goma nasa ya isa ya murɗe hannu mutum ya kasa saki. Ya ce idan na taɓa ganin wuta ta kama wani kada in sa hannu, in ɗauki busasshiyar taɓarya in ture shi. Na ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce amin, amma in riƙe.

Yana da ɗan alfahari a aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ga gidajen ma'aikata ba a ganin waya a jikin bango, sai ya ce gidansa ma haka zai zama ko da na ƙasa ne. Wayar da ta taso daga turken waje ya shigo da ita ta saman ɗakina, ya sassaƙe bangon gabas ya kwantar da ita a ciki, ta gangaro ta bi har zaure inda fis yake, wato makashin wutar gidan, ya yaɓe da ƙasa sumul. Ya kira ni ya nuna mini da yatsa, ya ce wannan bangon ko allura kada in kafa masa, domin wayar da ke cikinsa ba ta bi ta fis ba tukuna, ba abin da ke kashe ta sai can kan turke. Na ce na ji.

To, ni mai wabi ce. Uku na binne, babu wanda ya kai yaye. Na farko ya yi wata bakwai, ta biyu ba ta ga suna ba, na uku har ya fara rarrafe, yana bin ƙafar ubansa zuwa zaure. Malama, bar ni in numfasa. Da na sami ciki na huɗu ban yi murna ba, sai na riƙa jin kamar kabari nake ɗauke da shi. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta zo da rani ta ce ba za ta zuba ido ba. Ta je wurin wani malami a ƙauyukan Sule Tankarkar ta karɓo mini laya, 'yar ƙarama ɗinke da jar fata, da wata doguwar ƙusa ta maƙera. Sharaɗi uku aka ba ta. A kafa ta a bangon gabas na ɗakin da nake kwana, daidai tsayin cibiyata, a yaɓe. Kada a buɗe ta sai an yaye ɗan. Kada kuma mijina ya ji daga bakina, ranar da na faɗa masa ranar ta lalace. Maigidan ba ya son irin wannan, yakan ce wanda ya ba da ciki shi ke raya shi, ba fata da zare ba. Na gaya wa Gwaggo maganar waya. Ta ce bango faɗinsa kamu nawa, waya kuwa kaurinta nawa, sai ka ce dole su haɗu, in daina yi mata iyayin matar Injiniya.

Ranar kasuwar Maigatari maigidan ya tafi can, wuta kuma ba ta nan. Na janye kwanukan jerena, na auna cibiyata da bango, na buga ƙusar da ɗan dutsen niƙa. A bugu na ƙarshe na ji ta ɗan tsaya ta goga wani abu, kamar yadda wuƙa ke jin jijiya a nama. Na ce tsakuwa ce. Na kwaɓa ƙasa na yaɓe, na mai da kwanuka. Da aka kawo wuta da yamma na tsaya ina jira, ban san me nake jira ba. Ba abin da ya faru. Rani ya ƙare, bazara ta wuce, cikina ya fito, har na fara barci mai daɗi.

Sai damina ta sauka, mai ruwa ƙwarai. Kazata ce ta fara sani. Tana da wurin kwanciya a gindin bangon ta waje, sai ta kwashe 'ya'yanta ta koma bayan rumbu. Akuya idan ta zo wucewa sai ta yi kwana, ta bi nesa tana huci. Wata safiya na tarar da ƙadangaru biyu a mace a gindin bangon, babu rauni a jikinsu, sun miƙe ƙafafu. Sannan kwanukan jere suka fara cizo. Idan na kai hannu zan ɗauki tasa sai in ji kamar tururuwa ta bi mini yatsu har gwiwar hannu. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki kuwa shi ne bayan an yi ruwa. Duk bangunan gida sun jiƙe sun yi duhu, amma a jikin wannan akwai wuri guda da ke bushewa tun kafin rana ta fito da kyau. Da fari kamar faifai yake. Kullum yana ƙara tsawo, ya yi sama ya yi ƙasa, har ya zama kamar mutum a tsaye ya juya baya. Idan ka matsa kusa sai ka ji ɗumi kamar na jikin mai zazzaɓi.

Maigidan ya fitar da ni daga ɗakin ran da na gaya masa cizon kwanuka, ya mai da ni nasa. Ya kashe komai na gidan, ya je zaure ya zare fis ya sa a aljihu. Gida ya mutu, ko rediyo ba ya tari. Ya hau tsani ya maƙala bakin mitar a wayar da ke shiga saman ɗakina. Ina ƙasa ina kallon fuskarsa. Sai ya juyo da gilashin ya nuna mini. Allurar tana tsaye, tana kyarma. Ya ce akwai mai shan wuta a gidan nan, kuma ba mu ba ne.

Ya sauko ya ɗauki gawayi ya yi lissafinsa a bangon zaure. Ban iya karatu ba, amma ya faɗa da baki. Turi ɗari biyu, gudu rabi. Idan aka raba turin da rabi, turjiya ɗari huɗu ke nan. Ci kuma rabin ɗari biyu, ɗari. Ya ce kamar a ce an binne babban ƙwan fitila a cikin bangon yana ci dare da rana ba mai ganin haskensa. Bayan kwana kaɗan aka sake ruwa, ya sake hawa. Gudu ya zama ɗaya cur. Wannan ban jira shi ba, zuciyata ta yi lissafin da kanta ina tsaye da muciya a hannu: turjiya ɗari biyu, ci ɗari biyu. Ƙofar tana buɗewa. Da na tambaye shi me ya sa da rani ba a ji komai ba, ya ce busasshiyar ƙasa turjiyarta ta fi ƙarfin lissafi, jiƙaƙƙiya kuwa hanya ce. Amma ruwa kaɗai ba zai isa ga wayar ba, tana da rigar roba. Sai dai idan wani ƙarfe ya yaga rigar ya tsaya a wurin yana miƙa wa bango wuta.

Da ban san lissafin ba da na sami inda zan ɓuya. Matan unguwa sun riga sun ba ni mafaka, suna shigowa suna kallon siffar nan daga nesa suna cewa mutanen ɓoye ne suka tare a bangon, a yi turare, a yi sadakar waina. Na so in yarda da su. Amma shi ya koya mini, kuma ni na buga ƙusar. Na san sunan aljanin.

A ranar ne ya tambaye ni. Bayan la'asar ce, ina tsince shinkafa a ƙofar ɗakinsa. Ya zo ya tsuguna, abin da ba ya yi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Dije, kin kafa wani abu a bangon nan?”

Ɗan ya motsa a cikina daidai lokacin, wallahi ya motsa. Na tuna na ukun yana rarrafe zuwa zaure. Na ce, “A'a.”

“Ko ƙusar rataye faifai?”

“Ka ce ko allura. Na ji.”

Ya dube ni, ya dubi cikina. Sannan ya ce to shi ke nan, wataƙila gara ce. Ya miƙe ya tafi masallaci. Bai sake tambayata ba.

Ya je wurin masu wuta ya roƙa a yanke wayar daga kan turke, aka ce ya jira, ayyuka sun yi yawa da damina. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai awon hatsi, ya ce ya bari ya turo masa magina su fasa bangon da diga idan an ɗauke wuta, a huta. Maigidan ya ce a'a, ba wanda zai taɓa bangon nan sai shi. Dattijon ya ce Injiniya ko kishin ɗakin amarya ne har yanzu, aka yi dariya. Ni ma a lokacin na ɗauka alfaharinsa ne. Awo na ƙarshe da ya yi, gudu ya kai biyu. Turjiya ɗari, ci ɗari huɗu. Da safe bangon har tururi yake fitarwa, siffar nan tana tsaye a ciki, tsayinta ya kai nasa. Na gan shi sau ɗaya ya shiga ɗakin ya janye kwanukan da sanda, ya tsaya yana kallon inda bushewar ta faro. Yaɓena ya fi sauran bangon ja kaɗan, domin ba daga rami ɗaya aka ɗebo ƙasar ba. Ya kai tafin hannunsa kusa bai taɓa ba, sannan ya sauke shi ya auna da jikinsa. Na ja da baya kafin ya juyo. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa. Kullum sai in ce bari cikin ya ƙara kwana ɗaya.

Sai aka yi wata iska mai ƙarfi da ruwa, wuta ta tafi, akwatin bakin unguwa ya yi shiru. Da safe direbobin da suka shigo suka ce turakun wuta sun zube a hanyar Gagarawa, suna kwance a gona. Kowa a garin nan ya san ma'anar wannan. Idan turaku suka faɗi, a manta da wuta mako guda ko biyu, mata su fito da aci-balbal, masu ƙanƙara su rufe shago. Haka aka saba, ba a taɓa ganin akasi ba. Shi ma da ya san lissafin komai, wannan bai lissafa ba, ya ɗauke shi yadda kowa ya ɗauka. Ya so ya fara hawa ya yanke wayar ta sama, amma tsaninsa yana wurin wani aiki, kuma saman bangon ya jiƙe har yana zubowa, ba ya ɗaukar nauyi. Ya gwada da mita, allura tana kwance. Ya ce yau ne.

Hantsi ne, gari lumshe, tsakar gida duk taɓo. Ya kifa mini turmi a bakin ƙofar ɗakin inda rufi ya kare shi daga ruwa, ya zaunar da ni a kai, ya faɗa mini wata magana. Zan faɗe ta, Malama, amma ba yanzu ba. Ya shiga ya durƙusa gaban bangon, ya fara ƙwaƙule yaɓena da bakin filaya mai hannun roba. Bai nemi wurin ba, kai tsaye ya je. Da kan ƙusar ya bayyana, jar fatar tana manne a jikinsa ta jiƙe ta yi laushi, sai na ga ya kai filayar, ya kuma janye ta. Ƙarfen zai yaga ɗinkin. Ya ajiye ta a ƙasa, ya sa yatsunsa, yana lallaɓa fatar yana zagaye ƙusar a hankali, gwiwoyinsa a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Sai na ji ƙugin akwatin bakin unguwa. A bayansa yara suka ɗauka, an kawo, an kawo.

Daga baya aka ce ta wata hanya dabam aka juyo da wutar. Bai yi ƙara ba. Bayansa ya sandare, goshinsa ya jingina da bangon, ya shiga cikin siffar nan daidai kamar don shi aka zana ta. Na ɗauki taɓarya na ture shi yadda ya koya mini, sau biyu, a na uku ya faɗi. A waje yaran suna ta murna.

Masu wankan gawa ne suka buɗe hannunsa na dama, da ƙyar. Layar tana ciki, ɗinkinta bai tsinke ba ko zare ɗaya. Suka ba Gwaggo, ita kuma ta sa mini a hannu ba ta dube ni ba, har ta mutu ba mu yi maganar ba. Amma zancen ya fita. Aka ce ashe Injiniya mai zagin layu shi ma yana da tasa a bango, wai don sana'a ta yi albarka, ita ce ta ci shi. Wasu suka ce mutanen ɓoyen ne suka kira shi. Ina cikin takaba ina jin mata suna faɗa a tsakar gidana, ban buɗe baki ba, domin ba a yaye ɗan ba, ba a ma haife shi ba. Da aka yaye shi kuma sai kunya ta karɓi aikin tsoro. Washegarin rasuwar masu wuta suka zo suka yanke wayar, bangon ya huce, siffar ta tafi da damina. Kaza ta dawo wurinta.

Abarshi ya rayu. Ya yi rarrafe zuwa zaure, ya tashi, ya yi gemu, ga shi yau yana hawa rufin mutane da mita a aljihu ba wanda ya sa shi. Ya girma yana jin cewa ubansa ya mutu da laya a hannu, na ga yadda yake sunkuyar da kai idan tsofaffi suka taɓo zancen. Abarshi, ba tasa ba ce, tawa ce. Ubanka bai taɓa yarda da ita ba. Na tuba ga Allah a kanta ba sau ɗaya ba, na san shi ke rayarwa, amma ba zan yi maka ƙarya in ce na san abin da zai faru da na ce e ba. Layar tana cikin adakata a ƙulle a tsumma, har yau ban buɗe ta ba. Ƙusar kuwa tana nan a bangon, na sake yaɓe ta da hannuna. Idan maginanka suka same ta, ka karɓa, kada su jefar.

Duk abin da ya koya mini yana fita daidai, a ba ni biyu in fitar da na uku. Wannan kaɗai ne na juya ta kowace fuska ya ƙi fita. Ban gaya masa ba, sharaɗin bai karye ba, kuma shi ya tsare mini shi ya bar ni da ƙaryata don kada in faɗa da bakina. Yanzu rubuta maganar, Malama, a hankali, yadda ya faɗe ta. Ya zaunar da ni a kan turmin, ya gyara mini bakin zane don kada ya taɓa ƙasa, bai dubi idona ba.

“Ɗaga ƙafarki, Dije, ki riƙe mana cikin nan da kyau. Kada ki ce komai. Ba zan buɗe layar ba, matsar da ita kawai zan yi.”